Ranar da Gizo Ya Tura Kowa Gaba

Ga ta nan tafe, ga ta nanku, masu ƙafafu duk ƙurar ƙwallo.

Ta ƙaraso mu ji ta, Iya.

Wata shekara rani ya yi tsanani, tabki ɗaya ya rage tsakanin dawa da gari. Namun dawa suka ce nasu ne, dabbobin gida suka ce nasu ne. Da rigima ta ƙi ƙarewa, aka shirya a buga ƙwallo, wanda ya ci, tabki nasa.

Zaki ya nemi koci. Gizo, da ko lemon tsami bai taɓa shura ba, ya ce ai ba a banza Allah ya ba shi ƙafa takwas ba. Zaki ya ce ya ji, amma in tabki ya kuɓuce, Gizo ya bar dawa ke nan har abada.

Tsarin farko ya yi kyau, don matarsa Ƙoƙi ce ta zana masa a ƙasa: Giwa a raga, su Ɓauna huɗu a baya, su Kura huɗu a tsakiya, Barewa da Zomo a gaba.

To, amma Kwaɗo, maroƙin filin, ba ya yi wa kowa kirari sai wanda ya zura ƙwallo. Mai tarewa ko sannu ba ya samu.

Sai ga Giwa da tulun zuma. Ta ce, "Gizo, duk girman nan nawa a bayan kowa zan tsaya?"

Gizo ya lashi zuma ya ce, "Ranki ya daɗe, ɓata ki aka yi a raga. Ke lamba tara ce."

Sai ga Ɓauna da ƙwaryar gyaɗa. Gizo ya dubi gyaɗa ya gano ita ma lamba tara ce. Sai ga Kura da cinyar nama, ita ma lamba tara. Labari ya bazu, Barewa ta yi fushi ta fice, kafin ranar wasa sauran goman duk sun taru a gaba.

Ƙoƙi ta tambaye shi wa zai tsare gida. Ya ce shi da kansa, ai ƙwallon da ƙarti goma suka tasa a gaba ba ta da hanyar dawowa. Har tabarma ya shimfiɗa a cikin raga.

Dabbobin gida kuwa kowa ya kama wurinsa: Sa a raga, jakuna a baya, awaki a tsakiya, Kare a gaba. Namun dawa suka yi ta yi wa Jaki dariya, wai ɗan dako ko a fili bayan kowa yake.

Aka busa usur. Goman nan suka rufar wa ƙwallo, kowa na son Kwaɗo ya kira sunansa. Giwa ta taka Zomo, Ɓauna ta tunkuyi Kura. Jaki ya sa ƙafa ya ɗauke ƙwallo ya ba Akuya, Akuya ta ba Kare. Kare ya ɗaga kai ya ga fili fetal kamar kasuwa ta watse. Gizo na lasar zuma ƙwallo ta wuce ta kansa.

Ta biyu, ya miƙe ya baza hannuwa takwas. Ƙwallo ta kwashe shi har cikin raga.

Ta uku, ya yi ta ihu, "Giwa, ki dawo baya!"

Giwa ta ce, "Kai ka ce ni lamba tara ce."

Haka aka yi ta zuba masa har raga ta yage. Kwaɗo ya juya kalangunsa wajen Kare. Jaki dai bai samu kirari ba, amma shi ya fara kafa baki a tabki, namun dawa na kallo da busasshen maƙogwaro. Wallahi Zomo ne ya ba ni tausayi, shi da bai kai wa kowa komai ba.

Gizo bai jira Zaki ba, ya ranta a na kare sai gari. Ya roƙi wurin zama, Jaki ya ce akwai, amma sai ya gyara ragar da aka yaga. Shi ya sa har yau kuke ganinsa a kusurwar ɗaki yana saƙar raga, ya zauna a tsakiya yana tsaron gida, ba abin da yake tarewa sai ƙuda.

To, kun ji. In kowa ya ce sai gaba, gida ya zama na abokan gaba, kuma wanda ya tsare baya shi ya ba ku ruwa ko ba a kira sunansa ba. Kai Ɗanjuma, da ka dawo da kuka wai an sa ka gola, da kai nake.

Ƙungurus, na sauke ta a kan ɗan kusu.