Takin da Aka Liƙe a Rumbu

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Ketare, a shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, gwamnati na turo takin zamani ƙauyuka da araha. Sunansa ba shi ne abin buƙata ba, don danginsa suna raye. Mahaifinsa dai Malam Gide ne, dattijon da mutanen gari ke kai wa ajiyar hatsi in za su yi tafiya.

Wannan mutum ya yi karatun boko mai zurfi, har ya zama malamin kimiyyar haɗa sinadarai a wata sakandare. Akwai wani lissafi da ya fi kowa iyawa. In an haɗa abu biyu, lissafin zai nuna ko za su rikiɗe su zama wani abu da kansu, ko sai an tura su. In amsa ta fito ƙasa da sifili, haɗin zai tafi shi kaɗai kamar ruwa a gangare. In ta fito sama da sifili, hawan tudu ne. Daga wannan amsa ake ciro lamba ta biyu, lambar daidaito, mai faɗin inda haɗin zai je ya tsaya. Ilimi ne mai kyau, wallahi. Amma ku ji abin da ya yi da shi.

Da yake shi ne ɗan bokon garin, shi aka wakilta ya karɓo wa manoma rabonsu na taki, farin nan mai kama da gishiri. Yana kallon buhunan sai Shaiɗan ya zauna masa a kunne. Me zai hana ya sayar da rabi a kasuwar wani gari, ya cike gurbin da garin farin dutse? Fari ne kan fari, wa zai gane?

Abu ɗaya ya tsaya masa. Ya san in takin ya haɗu da wannan gari, wani tururi mai yaji yana iya tashi. To a nan, maimakon ya ji tsoron Allah, sai ya ɗauko alƙalami. Ya buga lissafi, amsa ta fito sama da sifili. Ya ciro lambar daidaito, ta fito 'yar mitsitsiya. Ya yi murmushi, ya ce a ransa tururin kaɗan ne zai tashi ya tsaya, muddin bai sami hanyar fita ba. In kuwa ya samu, haɗin zai yi ta ci gaba, ƙarfin takin ya bi iska, wari ya tona masa asiri.

Ranar kasuwar Ƙanƙara, da gida ya watse, ya gauraya rabin takin da bai sayar ba da garin dutsen, ya zuba a babban rumbun ƙasa na mahaifinsa. Ya rufe bakin da ke sama, ya kwaɓa laka ya liƙe ko'ina, ko kafar tururuwa bai bari ba.

Malam Gide ya dawo ya tsaya yana duban rumbun. Ya ce, "Kai kuwa mi ya sa ka liƙe shi haka? Kayan mutane ne fa."

Ya ce, "Baba, iska ka lalata shi. Kar kowa ya taɓa sai na zo da kaina."

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To, ku kuka san abinku. Allah shi yi albarka."

Jama'a, kun ji? Uba ya tambaye shi, ɗa ya dubi idonsa ya ɓoye masa, ya kuma karɓi albarka a kai! Ya hau sabon babur ɗinsa ya koma makaranta da nufin in lokaci ya yi ya zo ya buɗe daga nesa, ya bari ya sha iska kafin a raba.

Lissafinsa bai yi ƙarya ba. Sai dai alƙaluman da ya yi aiki da su na yanayi ne mai sanyi-sanyi, shi kuwa rumbu rana ce ta bazara ke gasa shi, kuma shi da bakinsa yake koya wa ɗalibai cewa zafi na ɗaga wannan lamba. Ruwan farko ya sauka, jinkar rumbun ta tsufa, danshi ya ratsa ya jiƙa kayan. Rana ta sake buɗewa. Tururi ya tashi ya taru a ciki, ya kai inda zai tsaya ya tsaya, kamar yadda aka lissafa. Abin da bai taɓa tambayar kansa ba shi ne, wannan kaɗan ɗin, kaɗan ne ga buhu ko kaɗan ne ga huhun ɗan Adam?

Shuka ta fito, ganyen masara ya fara zama ruwan ɗorawa, malamin makarantar bai zo ba. Maƙwabcinsu Almu ya zo ƙofar gida ya ce, "Malam Gide, gonakinmu na jira. Ɗanka shina birni, mu kuwa damina ba ta jiranmu." Abin ya yi wa tsohon nauyi, don bai taɓa kwana da haƙƙin wani ana nema ba. Bayan azahar ya jingina tsani, ya hau da 'yar gatarinsa.

A daidai lokacin mutumin nan ya shigo da babur. Daga bakin zaure ya hango mahaifinsa a saman tsani, ya riga ya fasa lakar, yana ɗaga murfi. Ya yar da babur ya kwarma ihu, "Baba, kar ka leƙa!"

Ina! Tsoho ya riga ya zura kai. Ya ja numfashi ɗaya, jikinsa ya sandare, ƙafafunsa suka bar tsani, ya sulale ciki da ka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗan ya haye tsanin ya faɗa bayansa. Tururin ya daki idanunsa kamar an watsa masa garwashi. Mata suka sa kuka, maza suka zo da diga suka fasa cikin rumbun, yajin da ya fito ya kora su baya suna tari. Da ƙyar aka jawo su biyun. Malam Gide ya riga ya cika. Ɗan yana da rai, amma idanunsa sun yi fari fat, yana birgima a ƙasa yana ƙara, "Ni ne! Ni na gauraya shi! Ni na liƙe!" Ba wanda ya tambaye shi.

Aka yi wa Malam Gide wanka, aka kawo ɗansa ya yi bankwana da shi. Sai da aka kama hannunsa aka ɗora a kan fuskar. Bai sake ganin komai ba har ya bar duniya, aikinsa ya tafi, kuma ƙauyen ya yi wannan damina ba taki.

Ya 'yan uwa, wa ya kashe Malam Gide? Ba ilimi ba ne. Algus ne, da cin amana, da ƙaryar da aka yi wa mahaifi. Kuma kar wani ya ce shi bai iya lissafin boko ba, don haka ya tsira. Mai jiƙa hatsi kafin awo lissafi yake yi. Mai zuba yashi a ƙasan buhu lissafi yake yi. Kowa cewa yake, ai kaɗan ne, ai ba wanda zai sani, ai zan gyara kafin ya cutar da wani. Wa ya ba ka tabbacin kai za ka fara isa wurin? Wa ya gaya maka wanda zai ɗaga murfin ba shi ne wanda ka fi so a duniya ba?

In akwai abin da ka ɓoye wa mutanen gidanka alhali ka san cuta ne, je ka faɗa musu yau, tun kafin la'asar.

Ya Allah, Ka kiyaye mu daga algus da cin amana. Ka kiyaye iyayenmu da 'ya'yanmu daga sharrin abin da hannayenmu suka ɓoye. Ka jiƙan Malam Gide, Ka yafe wa ɗansa. Amin.