Bushira da Lasisin da Ta Ƙi Gogewa

Akwai wata matashiya a Tudun Wada mai suna Bushira, mai gyaran kwamfuta a shagon Alhaji Shitu. Tsofaffin kwamfutocin da makarantu suka jingine a lungu, ita ke tashinsu.

Ta samo wani tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta wanda masu shi suka saki asalin rubutunsa kyauta. Sharaɗin lasisinsa ɗaya ne: ka gyara yadda kake so, amma duk wanda ka ba, ka haɗa masa da rubutun. Wata shida ta yi tana fama har ta mayar da shi Hausa.

Da Alhaji ya gani, sai ido ya buɗe.

"Ke Bushira, goge wannan lasisin, ki kulle rubutun, ki sa sunan shagona. Duk makarantar da ke so, ta biyo ta hannuna."

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan goge ba. Amana ce."

"Amanar wa? Mutanen da ko sunanki ba su sani ba?"

"Su ba sa ganina, Allah yana gani."

"To, ko ki goge, ko ki bar min shago!"

Wallahi da aikin nan take riƙe mahaifiyarta. Amma ta ajiye makulli a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita.

Alhaji ya ɗauko wani ya kulle masa tsarin, ya raba wa makarantu a Doguwa da Bebeji. Ana saura mako biyu jarrabawa, kwamfutocin suka tsaya cak. Mai kullewar ya kashe waya. Kuma wa zai gyara abin da ba ya iya buɗewa?

Ita kuwa Bushira, tuni ta ba malaman Kiru nata a buɗe. Da irin wannan matsalar ta taso a can, wani Malam Mas'ud ya duba rubutun, ya gano ta ya gyara, kowa ya amfana. Makarantu suka koma neman Bushira.

Ranar kasuwa sai ga Alhaji a ƙofar gidansu, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, nawa za ki sayar min?"

Ta miƙa masa filashi, ɗan ma'ajin da ke ɗauke da gyararren tsarin. "Ba na sayarwa ba ne, Alhaji. Karɓi. Amma duk wanda ka ba, ka ba shi a buɗe."

Hannu biyu ya sa ya karɓa.

Darasi: Ilimin da ka samu a buɗe, kada ka kulle wa na bayanka. Tsayawa kan amana tana da ɗaci, amma ba ta kunyata mai ita. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.