Jar Tutar da Ba a Ɗaga Ba

An yi wani mutum a tsibirin nan namu. Ba zan kama sunansa ba, jikokinsa na zaune a cikinku.

Shekarar da teku ta fara cin gefen maƙabarta, aka kawo injin yasar yashi don a gina katangar tare igiyar ruwa. Shi aka ɗora a kan sa ido. Ɗan gida ne, ba baƙo ba, duk muka yi alfahari. Aikinsa ya auna ruwan kullum, in ya gurɓace ya ɗaga jar tuta, inji ya tsaya har laka ta kwanta. Laka tana kashe ciyawar ƙarƙashin ruwa, ciyawar nan kuwa ita ke riƙe yashin da mamatanmu ke kwance a cikinsa.

Sai yabo ya shige shi. Manyan aikin suka ce ba su taɓa ganin wanda aiki bai tsaya a hannunsa ba sai shi. Daga ranar ya karkata kwalekwalensa zuwa bayan tsibiri, inda ruwa yake garau. Can yake awonsa.

Yayarsa, Mak Juita, ta tare shi a gaɓa. "Sannu, sarkin ruwa! Teku ta koma madarar kwakwa. Ko tutar ka ɗinka wa matarka zani da ita?"

Ya yi dariya. "Yaya, awona bai taɓa ƙarya ba."

Ya 'yan uwa, abin da ya daɗe yana cin raina ke nan: gaskiya ya faɗa. Ruwan da ya auna mai tsabta ne. To, gaskiyar da ka ɗebo inda ba a aike ka ba, mene ne sunanta?

Aka gama katanga, aka yi walima. Ciyawa ta mutu. Yashi ya zare ta ƙarƙashi, katangar ta durƙusa, teku ta shigo.

Ranar Sallah muka fita ziyarar kaburbura. Na gan shi da sababbin kaya, ruwa har gwiwa, yana laluben allon kabarin mahaifiyarsa. Ba wanda ya zage shi. Ba kuma wanda ya iya nuna masa wurin.

Wanda aka ba ikon cewa "a tsaya", ya ƙi don kada girmansa ya ragu, ya ci amana, ko da harshensa bai taɓa ƙarya ba.

Allah ya kiyaye mu daga yabon da ke sa mutum ya kau da ido.