Bazarar da Grady Ya Kusa Sayarwa

Akwai wani magidanci a wani ƙaramin gari na jihar Ohio, sunansa Grady Hollister. Sana'arsa gyaran na'urorin sanyaya ɗaki da na ɗumama gida. Ba attajiri ba ne, amma yana da rufin asirinsa daidai gwargwado. Matarsa Noreen tana aiki a ɗakin karatu na garin. 'Ya'yansu biyu: Willa mai shekara goma sha uku, da ƙaninta Teddy mai bakwai.

Gidan nan suna da wata al'ada. Da zarar bazara ta kama, an buɗe wani filin wasa mai lilo da jiragen wasa da ke bakin tafki, sai su yanki tikitin shekara, wanda mutum zai yi ta shiga da shi har sanyi ya dawo. Duk bayan 'yan makonni Noreen ta cika akwatin ƙanƙara da sanwic da kankana, su loda tsohuwar motarsu su kama hanya.

Can kuwa ba su da wurin sauka sai masaukin wata dattijuwa, Misis Odell. Gini ne a bakin titi, irin wanda kake ajiye mota a ƙofar ɗakinka. Gadaje biyu, labule wanda ya ga jiya ya ga yau, da wurin ninkaya da bai fi girman falo ba. Amma tsaf yake, kuma da safe akwai fanke mai zafi.

Grady yana da wa, Preston, babban dillalin gidaje a birnin Columbus. Shi ba ya irin wannan yawon. Sai a yi shekara uku bai ɗaga ƙafa ba, sannan ya kwashi matarsa da 'yarsu ɗaya tilo, Marlowe, su hau jirgi zuwa Florida, su sauka a otal ɗin alfarma da ke cikin babban filin wasa.

Ranar bikin godiya da ake yi a Amurka gab da shigowar sanyi, dangi sun haɗu suna cin talo-talo, Preston ya zaro waya yana nuna hotuna.

"Dubi nan, Grady. Banɗakin kawai ya fi falonka. Akwai mutumin da ba shi da aiki sai buɗe maka ƙofa." Ya kurɓi lemo, ya ce, "Ku fa? Har yanzu kuna wurin tsohuwar nan, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu?"

Aka fashe da dariya. Grady ma ya yi.

"Yaya ke nan. Mu dai muna zuwa, muna dawowa lafiya."

"Zuwa goma a ɗakin kaji ai bai kai zuwa ɗaya a fada ba. Ka nuna wa yaran nan duniya mana, su san ubansu ya isa."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta tsaya wa Grady a rai. Duk lokacin sanyi, in ya zauna cin abincin rana a motar aiki, sai ya buɗe hotunan otal-otal yana kallo. Da ƙanƙara ta fara narkewa, wata Asabar da safe suna karin kumallo, ya ajiye cokali.

"Na yanke shawara. Bana da baɗi ba za mu je bakin tafki ba. Za mu tara, mu tafi Florida, mu sauka inda manya ke sauka."

Teddy ya saki baki. Shekara biyu yaron nan yana zuwa gaban wani jirgin wasa da ake kira Kububuwa, mai hawa sama ya gangaro yana murɗewa, ana auna tsawonsa ana cewa da saura. Bana ne ya kai.

"Baba, Kububuwa fa?"

"Can akwai waɗanda suka fi ta sau goma."

"Ni ita nake so."

Willa ta miƙe. Ta ɗauki farantinta ta kai wurin wanke-wanke.

Da yaran suka fita, Noreen ta dube shi.

"Baban Willa, tsakaninka da Allah, wa ya ce maka gadon Misis Odell ya dame shi? In mun dawo daga filin nan, ko a kan siminti aka shimfiɗe mu barci za mu yi."

"Ba ki gane ba, Noreen. Ina so sau ɗaya a rayuwa su ga abu mai kyau."

"Su gani, ko Preston ya ga sun gani?"

Ya kawar da kai.

"To, ban hana ka ba," in ji ta. "Kai ma kana da haƙƙin marmari. Amma ka yi wa yaron nan alkawari. Mu je sau ɗaya a watan Yuni, ya hau abarsa, sannan ka rufe ƙofa."

A kan haka suka tsaya.

Ana saura kwana kaɗan tafiya, sai ga wayar Preston. Taron aiki ya taso masa shi da matarsa, mai kula musu da yarinya kuma ba ta nan. Ko za su riƙe Marlowe ƙarshen mako?

Grady ya amsa, amma hankalinsa ya tashi. Yarinyar da ta saba da banɗakin da ya fi falo, ita zai kai masaukin bakin titi? Ya ce a ɗage tafiyar. Noreen ta ce ko kusa.

"'Yar ɗan'uwanka ce, ba mai binciken otal ba. Abin da muka ci shi za ta ci."

Marlowe shekararta goma sha ɗaya, yarinya mai sanyi, ba ta cika magana ba. Da suka isa, Grady ya buɗe ɗakin yana kame-kame.

"Ki yi haƙuri da wurin, 'yata. Ba kamar wanda kika saba ba ne."

Ta ƙare wa ɗakin kallo. Ta ga Teddy ya riga ya haye gado yana tsalle. Ta juyo a hankali.

"Baffa, an yarda a yi haka a nan?"

"In dai ba ku karya ba."

Kafin ya rufe baki ta cire takalmi.

Washegari tun da safe suna ƙofar filin. Nan Grady ya ga wani abu da bai taɓa lura da shi ba. 'Ya'yansa sun san wurin nan kamar tsakar gidansu. Sun san layin da babu mutane da safe, sun san kujerar da ta fi jiƙa mutum a kwale-kwalen ruwa, sun san mai alawar audugar da ba ya rowa. Mai lilon dawakai ma da ya hango Teddy, sai ya ce, "A'a, maigida, bana an yi tsawo!"

Marlowe tana bin su tana zare ido.

Aka zo gaban Kububuwa. Aka tsayar da Teddy jikin ma'auni, kansa ya wuce layin da ɗan kaɗan. Ya yi wata ƙara sai ka ce ya ci zaɓe. Shi da Marlowe suka zauna a gaba tare da Noreen, Willa ta zauna kusa da babanta. Da jirgin ya fara hawa yana ƙas-ƙas-ƙas, sai Grady ya ji an damƙe masa hannu. Willa ce, wadda a gida yanzu ko rakiya makaranta ba ta so ya yi mata.

"Kada ka sake ni, Baba."

"Ke da kika hau ta sau ba adadi?"

"Duk da haka!"

Da rana suka fito wurin ajiye motoci, suka buɗe bayan mota suna cin sanwic. Gashin Marlowe ya hargitse, rigarta duk ruwan kankana.

Noreen ta ce, "To, 'yar Florida, yaya kika ga namu na talakawa?"

"Anti, abubuwan da na hau yau kaɗai sun fi waɗanda na hau a can duka yawa."

Grady ya tsaya da tauna. "Haba dai. Ba mako guda kuka yi ba?"

"Mako guda. Amma Baba ya ce tunda an biya otal, dole a ci moriyarsa. Mama tana wurin tausa, shi yana kan waya da mutanen ofis, ni ina kallon filin ta taga. Da muka shiga kuma, hoto aka yi ta ɗauka. Kuma an ce kada in ɓata rigata." Ta dubi rigar da ke jikinta, ta yi dariya. "Ku kullum haka kuke zuwa?"

"Da dai," in ji Teddy. "Baba ya ce wannan ne na ƙarshe."

Willa ta ɗaga kafaɗa. "Ba komai. Ni dama baɗi in na cika sha huɗu zan nemi aikin hutu a shagon askirim, ni da ƙawata. Daga nan ai ba lallai in riƙa samun lokaci ba."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, tana faɗa tana lasar yatsa. Amma Grady ji ya yi kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ashe bazarar nan da ya ce a jingine, ita ce kusan ta ƙarshe da 'yarsa za ta zama tasu gaba ɗaya. Ranar da za su isa otal ɗin alfarma, budurwa zai kai, wadda hankalinta ke wani wuri. Ya dubi Noreen. Ita kuwa ta ci gaba da yanka kankana, kamar ba ta ji ba.

Ya share hannu a wando.

"Wa ya ce wannan ne na ƙarshe?"

"Kai mana!" in ji Teddy.

"To, na janye. In mun koma ciki, a mayar da tikitin nan ya zama na shekara."

Teddy ya daka tsalle har ya kifar da ruwan lemo. Noreen ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutumin da ke buɗe ƙofa fa? Yana can yana jiranka."

"Ina da hannu, Noreen."

Ranar Lahadi da hantsi Preston ya iso ɗaukar 'yarsa, cikin motarsa mai sheƙi. Ya fito yana kallon masaukin yana taɓe baki.

"Grady, a nan ka kwanar min da yarinya? Marlowe, ɗauko jakarki."

Yarinyar da ba ta taɓa yi masa musu ba ta tsaya cak.

"Baba, ba zan tafi ba sai ka hau Kububuwa da ni."

"Wace ce kuma Kububuwa? Ina da aiki gobe."

"Kullum kana da aiki gobe. Baffa ya hau da Willa, har ya riƙe mata hannu. Ni ba ka taɓa hawa komai da ni ba. Ko a Florida."

Preston ya sunkuyar da kai. Grady yana iya rama dariyar ranar talo-talo a nan, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Bai yi ba. Ya dafa kafaɗar wansa.

"Yaya, zo mu je. Sau ɗaya ne. Ajiye wayar a mota, kada ta faɗi."

Haka suka koma filin, babban dillali ya shiga layi da takalminsa na ofis. Da jirgin ya kai ƙololuwa ya sako kai ƙasa, aka ji muryar Preston ta fi ta kowa, yana kiran uwarsa. Teddy ya rantse har masu kwale-kwale a tafki sun waiwayo. Preston ya sauko gashinsa a tsaye, Marlowe tana rataye da hannunsa tana dariya har da hawaye.

"Baba, mu sake!"

"Ki bari raina ya dawo tukuna."

Sai da suka sake har sau biyu. Ya ci sanwic ɗin Noreen a tsaye a bayan mota, ya ce a ƙara masa. Da yamma ta yi, Marlowe ta yi barci a kujerar baya tun kafin a tada mota. Preston ya daɗe yana kallonta ta gilashi.

"Rabon da in ji dariyar yarinyar nan irin ta yau, na manta," in ji shi a hankali. Ya yi gyaran murya. "Grady, maganar da na yi ranar nan a gaban mutane…"

"Bar ta, Yaya. Ta wuce."

Ya shiga mota, ya kunna, sai kuma ya sauke gilashi.

"Yaushe za ku dawo?"

"Nan da mako uku."

"To… ka tambayar min tsohuwar nan ko tana da ɗaki kusa da naku."

Darasi: Ɗaki mai kyau ba laifi ba ne ga wanda ya sami hali, amma kada ka sayar da lokacin da za ka yi da iyalinka don ka burge wani. Otal zai jira ka ko bayan shekara ashirin, yarinta kuwa ba ta jiran kowa. Yara ba sa tuna laushin katifa, suna tuna wanda ya zauna kusa da su. Kowa ya daka ta wani, zai rasa turmin daka tasa. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani uba ko wata uwa da ke ta cewa "sai baɗi".