Sai Laima Ta Kai Wuyan Hannu

Akwai wata tsohuwa a Magarya, Inna Turai. Gwiwoyinta sun gaji, idonta ya rage. Jikanta Uwaisu ne ka noma 'yar gonar da mijinta yab bari, da ita suke ci.

Ran da ruwan hwarko yas sauka, tana zaune bakin ɗaki tana shaƙar ƙamshin ƙasa. Sai tat tuno ƙuruciyarta, suna tsalle cikin ruwa da ɗan zane guda.

Tac ce, "Uwaisu, muna yara, in ruwa ya ɗauke Baba shi kan ce in tona ƙasa da hannu. In laima ba ta kai wuyan hannu ba, ba a shuka."

"Inna, labarin ga kullum shi kenan? Waya ta ce ruwa na nan tahe."

"Wayar ta tona ƙasa?"

Yay yi dariya, yak kwashe irin gero, washegari yas shuke shi duka.

Ita ba ta iya duƙawa ta tona.

Kwana goma sha tara ba ɗigo. Tsiro yah hito, rana tak ƙone shi. Uwaisu ya daina zama cin tuwo da ita, kunya ta hana.

Ran da ruwa yad dawo, yay yi tun sahe har azahar, sai Uwaisu yaz zo yat tsugunna gabanta.

"Inna, iri ya ƙare. Ban san mi zan shuka ba."

Tan nuna mai wani tsohon tulu bayan gadonta. Gero ne cikin toka, kwano biyu. Washegarin ran da yay yi dariya tad ɗebe shi cikin irin da asuba, kahin shi tahi gona, ba ta hwaɗi ma kowa ba.

Yak kai hannu zai ɗauka. Tar riƙe bakin tulun.

"Tahi gona tukuna. Ni ƙahwa ta ƙi."

Yat tahi. Da yad dawo, hannu kawai yam miƙa mata. Tas shahwa da yatsu, laka har ta wuce wuyan hannu.

"To ɗauka," tac ce. "Na gaji, bari in kwanta."

Darasi: Labarin da tsoho ke ta maimaitawa har ka gaji, wata rana shi ne abincinka. Don Allah ku tura ma wasu, musamman masu kaka a gida.