Barewar da Ta Saba da Tafin Hannu

An yi wani babban gidan namun daji a gindin tsaunin Rafin Marke, wanda mutanen gari ke ce wa gidan zu. Wani malamin daji mai suna Malam Dogara ne ya kafa shi, a zamanin da gobara da bindigar maharba suka kusa ƙarar da namun ƙasar. Ya bi ƙauye-ƙauye yana karɓo marayu, wannan an harbe uwarsa, wancan tarko ya cinye masa ƙafa. Da shinge ɗaya ya fara. Kafin ya tsufa, gidan ya yi girman da mutum zai wuni yana yawo bai gama zaga shi ba.

Gidan kashi biyu ne. Akwai gaba, inda 'yan kallo ke zuwa. Akwai baya, inda ake renon dabbobin da za a mayar daji idan sun yi ƙwari.

A nan baya Barewa take, kyakkyawa, ga kwaɗayi ga ji da kai. Akwai Gada matsoraciya, wadda ko ganye ya faɗi sai ta zabura. Akwai kuma tsohon Gauraka mai karyayyen fiffike, wanda bakinsa ba ya shiru, ya sani ko bai sani ba.

Barewa ba ta iya zama wuri ɗaya. Tun safe take bin wayar shinge, ta je ƙarshe ta dawo, ta sake komawa. Tana jaririya aka kawo ta, ba ta tuna daji, amma duk sa'ad da iska ta kaɗo ƙamshin ɗanyar ciyawa daga bayan tsauni, sai ta ji ƙafafunta na ƙaiƙayi.

Wata rana Gauraka ya ce, "Ke 'yar nan, ki zauna mana! Kin sa ni jiri."

"Baba, kai da fiffikenka ya mutu ai zama ya kama ka. Ni don gudu aka yi ni. Yaushe motar da ke mayar da mu daji za ta zo?"

"Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Su zaɓi na zaɓa, su kai dajin Ruwan Ɓauna, su buɗe ƙofa. Tun ana kafa shingen farko nake nan, ba abin da ban gani ba."

"To su wa ake zaɓa?"

Gauraka bai sani ba, amma bai iya cewa bai sani ba. Sai ya gyara tukkunsa ya ce, "Wannan har sai an tambaya? Ɗan Adam ai wanda yake so shi yake yi wa alheri."

Maganar nan ta zauna wa Barewa. Ta ce a ranta, lalle sai kowa a gidan nan ya so ta.

Sai dai mai kula da su, wata mata mai suna Tabawa, ba ta ba da fuska. Ba ta ba su abinci a hannu, sai ta watsa shi cikin kurmi su nema da kansu. Ba ta raɗa wa kowa suna. In dabba ta matso kusa da ita, sai ta tafa hannu ta kore ta. Barewa ta ɗauka rowa ce da baƙin hali.

Cikin yawonta na bin waya ta gano wani lungu inda hanyar 'yan kallo ta gifta kusa da shingen baya. Ta zura hanci. Yara suka yi ihun murna, suka miƙo gyaɗa, wani ya miƙo ƙuli-ƙuli. An kafa allon da ya hana haka, amma ruwan sama ya wanke rubutun. Daga ranar, kullum tana lungun. Ana shafa mata goshi, ana ɗaukar hotonta, har aka sa mata suna 'Yar Gata.

Da yamma sai ta dawo tana lasar baki, ta tsaya a bakin kurmin da Gada ke ɓoye.

"Ke sarkin tsoro, fito! Yau ma saiwa kika tono?"

Gada ta leƙo da ido ɗaya. "Yaya, warin mutum nake ji a jikinki."

"Ƙamshi ne, baƙauya. Ni duk garin nan an san sunana. Ke ko Tabawa ba za ta iya faɗin launin bayanki ba. Ranar zaɓe wa zai tuna da ke?"

"Ni dai uwata hannu aka miƙa mata, ban sake ganinta ba," in ji Gada, ta koma ciki.

"Ji ta! Ki tsufa a nan ke da Baba, ku riƙa ƙirga ƙudaje."

Ruwa ya sauka. Barewa ta daina ko kwanciya, tana kai da kawowa, kunnuwa a miƙe.

Ran nan da hantsi ƙofa ta buɗe. Malam Dogara ya shigo yana dogara sanda, Tabawa na biye da shi. Tare da su akwai wani baƙo da ba wanda ya taɓa gani, sanye da rigar maharba, jikinsa na warin hayaƙi. Ya durƙusa a tsakiyar fili, ya miƙo ƙwarya cike da dusa da kanwa.

Gada ta yi tsalle ɗaya, kurmi ya haɗiye ta. Sauran dabbobin ma suka watse.

Barewa ta yi dariya a ranta. Fili ya zama nata. Ta taho tana rangwaɗa, wuya a ɗage, ta sa baki cikin ƙwaryar, har ta lashi yatsun baƙon don a ga iya ladabinta.

Ba wanda ya yi tafi. Malam Dogara ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya girgiza kai.

"Kaico," ya ce. "Wadda ta fi duka ƙafa. Tabawa, wannan in muka sake ta, kafin kasuwa ta zagayo tana cikin tukunya. Da ƙafarta za ta je wa maharbi."

"Wallahi Baba, ban taɓa ba ta a hannu ba."

"Na sani. Wani ya ba ta. A mayar da ita gaba. Waccan ƙaramar da ta gudu, a shirya mata akwati."

Barewa ta ɗago kai daga ƙwaryar. Ta juya wajen Gauraka. "Baba! Ba kai ka ce wanda suke so ba?"

Gauraka ya shiga tsince-tsince a ƙasa. "Ni? Ni cewa na yi ana zaɓe. Kunnenki ne da gaggawa."

Washegari aka fito da akwatunan. Motar ta bi ta gefen shingen gaba, inda aka riga aka kai Barewa. Ta tsakanin katako ta hango idon Gada.

"Yaya, tsoro nake ji!" in ji Gada.

Barewa ta zabura. Ta zuba da gudu tana bin motar ta cikin waya, gudun da ba a taɓa ganin irinsa a gidan ba, har 'yan kallo suka miƙe tsaye. Shinge ya ƙare, ƙirjinta ya bugi turke. Motar ta sha kwana bayan tsauni.

Tana tsaye tana haki, sai wata yarinya ta zuro hannu da gyaɗa. "'Yar Gata, zo ki ci."

Barewa ta daɗe tana kallon hanya. Daga nan ta sunkuyar da kai, ta ci.

Darasin wannan labari shi ne, yarana, ba duk mai shafa maka kai ne ke gyara maka gobe ba, ba kuma duk mai korar ka ne maƙiyinka ba. Kwaɗayi da son yabo igiya ce mai laushi, ba a jin ta a wuya sai ranar da aka buɗe ƙofa. Wanda ya saba da ci a tafin hannun wani, ko yana da ƙafar barewa, iyakarsa inda hannun ya kai.