Sandar Yaya da Gidan Mai Mai Sabon Fenti

Akwai wani mutum da ake kira Yanzu-Yanzu. Sunan bai zo masa a banza ba. An ce ranar da aka haife shi, ungozoma ba ta gama cire takalmi ba ta ji kukansa. Ni dai ban halarta ba, amma na yarda.

Shekara ashirin yana sayar da kayan gini. Wata rana ya ga gidan mai na sayarwa a bakin titi, an yi masa sabon fenti ja da fari, famfo huɗu suna sheƙi. Nan take zuciyarsa ta tafi. Ya sayar da shagonsa, ya sayar da filin da ya ajiye wa 'ya'yansa, ya ce gidan man nan nasa ne.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka tafi da Yaya ya duba maka mana."

Yayan nasa tsohon direban tankar mai ne, mutum mai sanyin jiki. Idan ya fara gaisuwa, sai ka nemi kujera.

"Yaya kuma? Mutumin da zai shekara yana tambayar lafiyar famfo?"

Amma don a zauna lafiya a gida, ya tafi da shi.

Sun tarar da dillali ya shimfiɗa takardu a tebur, har ya cire wa biro murfi. "Ranka ya daɗe, ka sa hannu kawai. Akwai wani attajiri yana hanya, shi ko ciniki ba ya yi."

Yaya bai kalli fenti ba, bai kalli famfo ba. Ya zagaya baya, ya sa aka buɗe murfin tankin da ke binne a ƙasa. Ya zura doguwar sandar awo har ta taɓa gindi, ya zaro, ya zana alli daidai inda fetur ya jiƙa ta.

Sai ya ciro kwaɗuna daga aljihu. Ya kulle famfo huɗun, ya kulle murfin tankin, ya zuba makullan a aljihunsa.

"Sai gobe da safe," in ji shi.

Dillali ya dafe ƙirji. "Baba, kasuwa za ka tsayar mana?"

"Kwana ɗaya ne, ɗana. In tankin lafiya yake, ba inda man zai je."

Yanzu-Yanzu ya ja shi gefe, yana magana ta cikin haƙora. "Haba Yaya, ka kunyata ni a gaban mutane! In attajirin nan ya riga ni fa?"

"In ya zo, ka ba shi kujera. Mu kwana mu jira tare."

A hanya ƙanen ya yi ta tsaki. A gida ma ya ƙi cin abinci, yana ta kai da kawowa a tsakar gida har kaji suka koma gefe suna kallonsa.

Da safe suka koma. Kwaɗuna na nan yadda aka bar su. Yaya ya buɗe murfi, ya zura sanda, ya zaro, ya miƙa wa ƙanensa.

Tsakanin zanen allin jiya da inda man ya tsaya yau, akwai taƙi guda cur.

"Ina man ya tafi?" in ji Yanzu-Yanzu.

"Ƙasa ta sha. Tankin ya ci tsatsa, yoyo yake yi. Wanda ya sayi wurin nan, sai ya fasa dandamalin gaba ɗaya, ya haƙo tanki, ya kwashe ƙasar da ta jiƙe. Kai kuma ba ka bar ko kuɗin shebur ba."

Dillali ya ce wai zafin rana ne ya ƙone man. Yaya ya tambaye shi wace rana ce ke fitowa bayan magariba.

Yanzu-Yanzu ya zauna daɓas a ƙasa, da babbar rigarsa da komai, ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa kaɗa takardun teburin. Gumin shekara ashirin yana nan a hannunsa, ko sisi bai fita ba.

"Alhamdulillahi," ya ce, sau uku. Sannan ya kama hannun yayansa da hannu biyu. "Yaya, ka yafe mini maganar jiya."

"Tashi, kana ɓata riga."

Dillali, da yake shi ba ya mutuwa da kunya, ya matso yana murmushi. "Ranka ya daɗe, akwai wani gidan man a gaba kaɗan. Wannan kam garau yake. Mu je yanzu?"

Yanzu-Yanzu ya kakkaɓe rigarsa, ya juya. "Yaya, wace rana kake da sarari?"

Darasi: Kada ɗoki ya sa ka sa hannu a kan abin da ba ka duba cikinsa ba, kuma kada ka raina wanda ya san aiki don yana tafiya a hankali. Haƙurin kwana ɗaya yana iya tsare maka wahalar shekaru. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda biro ke masa ƙaiƙayi a hannu.